Bin sawun Thillana Mohanambal a ƙasar Tamil

Rakiyar mara lafiya ce ta kai ni Chennai, a kudancin Indiya. An yi wa kawuna aikin gwiwa, kuma duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar waje ya san da zarar an fito daga tiyata lafiya, abin da ya rage sai zaman jira: a kai shi gashin ƙashi da safe, a dawo, a ci abinci, a jira gobe. Ɗakin da muka kama yana saman gidan wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ba nisa da Kodambakkam, unguwar da ta daɗe tana zaman cibiyar shirya finafinan Tamil. Ina kiransa Ayya, kamar yadda ake kiran manya a can, shi kuma yana ce mini Thambi, wato ƙane.

Wata Lahadi da la'asar na sauko ƙasa, sai na ji busa tana tashi daga falonsa, mai kaifi, mai cika kunne, ganga na biye da ita ƙafa da ƙafa. Na ja na tsaya a bakin ƙofa. Ya yafuto ni ba tare da ya ɗauke ido daga talabijin ba. Fim ɗin da ake nunawa shi ne Thillana Mohanambal, wanda A. P. Nagarajan ya ba da umarni, aka sake shi a 1968. Kusan awa uku muka yi a zaune, yana fassara mini da Turanci inda ya ga ya dace. Amma da an fara busa sai ya ɗaga hannu, shi ya yi shiru, ni ma in yi.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya a Kano, na Hindi muka sani, har muka ɗauka Indiya baki ɗaya ce. Tamil harshe ne daban, da rubutunsa, da adabinsa da ya kai shekara dubu biyu, da taurarinsa waɗanda ba su taɓa jiran Bombay ta yaba musu ba. Jarumin wannan fim, Sivaji Ganesan, tun 1960 ya karɓi lambar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinan Afirka da Asiya da aka yi a Alƙahira. Jarumar kuwa, Padmini, tsofaffin 'yan kallonmu za su iya tuna fuskarta, domin ta fito tare da Raj Kapoor a finafinan Hindi.

Labarin ba mai wuyar bi ba ne. Sikkal Shanmugasundaram, ko Shanmugam a taƙaice, gwanin busa nadaswaram ne, wata doguwar abar busa mai kama da algaita. Mutum ne mai zuciya, wanda ba ya ɗaukar raini ko na ƙwayar zarra. Mohanambal, ko Mohana, gwanar Bharatanatyam ce, rawar gargajiyar ƙasar Tamil. Sun haɗu a wani biki, kowa ya ga abin da ya ga a wurin ɗan'uwansa, amma girman kai ya hana su faɗa, sai gardama: in ka isa, ka busa thillana in taka. Thillana shi ne kiɗa mai sauri da ake rufe rawar da shi, inda ƙafa da ganga ke gwada juna. Tsakaninsu akwai uwar yarinyar, wadda ke son 'yarta ta samu mai kuɗin da zai riƙe ta, da wani ɗan kanzagi, Vaithy, mai kai gwauro yana kai mari tsakanin masu hannu da shuni, wanda Nagesh ya fito a matsayinsa har ka ji kamar ka shiga cikin akwatin ka shaƙe shi. An yi gasar, ba wanda ya kayar da wani, Shanmugam ya laƙaba mata sunan da fim ɗin ya ɗauka, sannan wani da aka hana shi ita ya soke shi da wuƙa a hannu.

Abin da ya biyo bayan wannan sukar shi ya tayar da ni daga Chennai. Shanmugam ya fara samun sauƙi, an haɗa su a dandali ɗaya, shi yana busa da hannun da bai gama warkewa ba, ita tana rawa. Ba halin su yi magana a gaban jama'a da idon uwarta. Sai ta tambaye shi lafiyarsa cikin waƙa, "Nalandhana", da muryar P. Susheela da kalmomin Kannadasan. Shi kuma bai ce uffan ba, busar ce ke amsawa. Murya ta ja layi, busa ta mayar mata da shi, wani lokaci da taushi, wani lokaci da ɗan zafi irin na wanda ke cewa ba komai alhali akwai. K. V. Mahadevan da ya tsara kiɗan ya san darajar barin wuri, bai cika waƙar da tarkace ba. Na daɗe ina kallon waƙoƙin fim, kuma akasarinsu ana iya yanke su labari ya ci gaba ba tare da ya yi ɗingishi ba. Wannan in ka cire ta, ka cire zuciyar fim ɗin.

Ayya ya gaya mini ba Sivaji ne ke busar ba. Wasu 'yan'uwa biyu ne daga Madurai, M. P. N. Sethuraman da M. P. N. Ponnusamy. Sivaji ya zauna ya ƙura musu ido suna busa, ya kwashe yadda wuya ke kumbura, yadda kafaɗa ke ɗagawa in za a ja numfashi, yadda mabushi ke kai hannu ya taɓa belin da ke rataye, wato ɗan karan da ake sawa a baki, a tsakiyar kiɗa, har masu kallo da yawa suka rantse shi ne. T. S. Balaiah ma, wanda ya fito a makaɗin ganga, kallonsa kaɗai ya isa nishaɗi. Da ɗan Kawu ya iso ya karɓe ni jinya, na ce wa Kawu ina so in leƙa kudu. Ya ce, "Je ka, ɗan nan, Allah Ya tsare, amma ka riƙa kira."

Daga tashar Egmore na hau jirgin ƙasa na Cholan Express da safe. Bayan Chidambaram ƙasa ta sauya: shinkafa kore shar iya ganinka, kwakwa da ayaba a gefen gonaki, magudanan ruwa suna ratsa ko'ina. Wannan ita ce fadamar kogin Kaveri, rumbun shinkafar ƙasar Tamil. Wadatar nan ce ta ciyar da sarakuna da wuraren bauta, su kuma suka ciyar da makaɗa da 'yan rawa tsawon ƙarnoni. A cikin fim ɗin akwai doguwar fitowa a jirgin ƙasa, inda tawagar mabusa da ta 'yan rawa suka cunkushe a tarago ɗaya cikin dare, ana rigimar fitila da wurin zama, masoyan biyu kuma suna zance da ido. Taragon da na shiga bai rasa irin wannan hayaniyar ba, har da mai kai mini tayin shinkafa da nono a kan ganyen ayaba.

Na sauka Kumbakonam, na sha kofi mai kauri da garin ya yi suna da shi, washegari na ɗauki mota zuwa Narasinghampettai. Ƙauye ne da za ka iya wuce shi ba ka lura ba, amma daga nan mafi yawan nadaswaram masu daraja suke fitowa, har gwamnatin Indiya ta yi wa sunan ƙauyen rajistar kariya a kan wannan sana'a a 2022. Gidaje ƙalilan ne ke yin ta, kuma gado ne. Na sami wani magidanci a zaune a ƙasa a zaurensa, ɗansa yana juya masa ice, shi yana fiƙewa. Icen wani ne mai nauyi, baƙi-baƙi, da suke kira aacha, kuma ba sa son ɗanye. Ginshiƙan tsofaffin gidajen da aka rushe suke bi suna saye, domin icen da ya shekara da shekaru a tsaye ya gama bushewa, ba zai tsage ko ya karkace ba. Aiki mafi hatsari shi ne huda ramin ciki, wanda yake farawa siriri a sama yana buɗewa a hankali zuwa ƙasa. In hannu ya goce kaɗan, icen ya tashi daga kayan kiɗa ya koma makamashi.

Ya miƙo mini wadda ya gama. Tsawonta ya kusa mita guda. Ramukan yatsu bakwai ne, sai wasu biyar a ƙasa da ake toshewa da kakin zuma don daidaita murya. Belin, wato ɗan karan da ake sawa a baki, daga wata ciyawar bakin Kaveri ake yin sa, wasu gidajen ne daban ke wannan aikin, kuma mabushi yakan rataya da yawa a jikin kayan busarsa tare da ɗan tsinken gyara su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ramuka bakwai ɗin nan ba su ne ke ba da rabin abin da kunne ke ji ba. Lanƙwasar murya da zamewarta daga wannan sauti zuwa wancan, da leɓe da ƙarfin iska ake yin su. Shi ya sa take iya bin muryar mutum har ta yi kamar za ta furta kalma.

Duk Bahaushen da ya riƙe ta zai tuna algaita, kuma ba a banza ba, domin dangi ɗaya ne: beli mai baki biyu, jiki mai buɗewa, murya ta fili wadda ba ta buƙatar lasifika. Dangantakar ba ta tsaya a ice ba. A wurinmu ba a naɗin sarauta ko hawan salla ba tare da mabusa da makaɗa ba, gado ne a gidajensu, sarki ma yana ji da su, amma ranar da ɗansu ya je neman aure a wasu gidajen sai a fara tambayar asali. To, wannan ciwon ne fim ɗin yake taɓawa daga farko har ƙarshe. A ƙasar Tamil mabusa nadaswaram, da makaɗan gangar thavil, da malaman rawa, da matan da a da ake keɓewa don rawa a wuraren bauta, duk daga al'umma ɗaya suke, wadda yau ake kira Isai Vellalar. Ba a buɗe biki sai da su, ba a ɗaura aure sai da su, amma a da a tsaye suke busa, ba riga, a gaban waɗanda ake ganin sun fi su asali. Matan kuma masu kuɗi suna ɗaukarsu abin ajiyewa a gefe. A 1947 majalisar lardin Madras, wanda ƙasar Tamil ke ciki a lokacin, ta haramta keɓe 'yan mata ga wuraren bauta, rawar kuma ta riga ta fara komawa hannun 'ya'yan manyan gida. Saboda haka in ka ga uwar Mohana tana cinikin 'yarta, ba muguntar mace ɗaya ake nuna maka ba, tsohon tsari ne yake shure-shuren mutuwa. In kuma ka ga Shanmugam yana fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, mutum ne da ya san in ya sassauta sau ɗaya za a mayar da shi bakin ƙofa.

Kusa da Narasinghampettai akwai Thiruvavaduthurai, garin T. N. Rajarathinam Pillai, wanda ya rasu a 1956 kuma har yau ake kiransa sarkin nadaswaram. Shi ne ya ƙi yarda da busa tsirara daga ƙugu zuwa sama, ya sa rigarsa ta alfarma, ya nemi a ba shi mazauni irin na kowane babban mawaƙi. Mutane da yawa a yankin suna ganin halinsa ne marubucin labarin, Kothamangalam Subbu, ya ɗora wa Shanmugam lokacin da yake fitar da shi kashi-kashi a mujallar Ananda Vikatan a 1957 da 1958. Akwai fitowar da ta fi kowace nuna wannan hali: an gayyaci Shanmugam gidan wani attajiri, ya tarar kiɗan Turawa aka fifita, sai ya fice ya busa wa talakawan da ke waje, kuma da aka ƙalubalance shi ya busa irin na Turawan da kayan busarsa har suka taka. A falon Ayya, nan ne dattijon ya buga cinyarsa.

Thiruvarur, inda aka yi gasar a cikin labarin, gari ne da kiɗa ya ratsa ƙasarsa. Manyan mawaƙa uku da kiɗan gargajiyar kudancin Indiya ya dogara a kansu, Tyagaraja da Muthuswami Dikshitar da Syama Sastri, duk a nan aka haife su a ƙarni na 18. Ban shiga cikin babban wurin bautar garin ba, na zauna a matakalar Kamalalayam, wani makeken tafki da ke gefensa. Da yamma ta yi aka fara busa daga ciki, kuma duk da katanga da tazara, sautin ya iso har inda nake ba tare da ya rage komai ba. A nan na gane dalilin da ya sa ba a yi wannan abu don ɗaki ba. A wannan garin kuma M. Karunanidhi ya yi makaranta. Ɗan gidan mabusa ne, an sa shi koyon nadaswaram yana yaro, ya bari saboda ƙasƙancin da ya ga ana yi wa masu sana'ar. Ya girma ya rubuta zantukan Parasakthi, fim ɗin farko na Sivaji Ganesan a 1952, daga baya ya zama babban ministan jihar Tamil Nadu har sau biyar. Wanda ya san wannan zai fahimci cewa a can fim da siyasa da zancen asali igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Sikkal, garin da jarumin ke ɗauke da sunansa, yana kan hanyar Nagapattinam. Ƙaramin wuri ne, ban daɗe ba. Na wuce Nagore na yi sallar Juma'a. Garin Musulmi ne na bakin teku, inda hubbaren waliyyi Shahul Hamid yake da hasumiyoyinsa biyar, mafi tsawonsu kuma wani sarkin Thanjavur mabiyin Hindu ne ya gina ta. Nan ma ana busa nadaswaram. Wani mai sayar da turare da muka zanta da shi bayan salla ya tuna mini cewa ɗaya daga cikin manyan mabusan ƙarnin da ya wuce Musulmi ne, Sheik Chinna Moulana, wanda ya zauna a garin Srirangam, kuma a 1998 aka ba shi Sangeetha Kalanidhi, lambar da ta fi kowace daraja a wannan kiɗa.

A Thanjavur na ga babban wurin bautar da sarki Rajaraja Chola ya kammala a 1010, dutse kan dutse har sama da mita 60. A fadar wannan gari ne wasu 'yan'uwa huɗu suka tsara jerin rawar Bharatanatyam a ƙarni na 19, suka ajiye thillana a kusa da ƙarshe. Na samu kallon wata ɗalibar rawa tana gwaji a wata makaranta, malaminta yana buga sanda a kan ɗan katako, akayau ɗin ƙafarta yana amsawa. Sai da na ga guminta na san abin da Padmini ta yi a fim ɗin ba wasa ba ne, domin ita tun tana ƙarama aka hore ta a rawa, ba don kyamara ta koya ba.

Ba zan ce fim ɗin ba shi da rauni ba. Kashinsa na ƙarshe, inda aka kai Mohana fadar wani sarki mai kwaɗayinta, Shanmugam kuma ya hau zarginta, ya ja da yawa, kuma zargin ya yi mini ciwo, domin mutumin da ya sha raini saboda asalinsa bai kamata ya zama na farkon auna ta da nata ba. Wataƙila gaskiyar ɗan Adam ke nan, amma fim ɗin ya yafe masa da wuri. Wadda ta fi kowa tsabtar zuciya a labarin ita ce Jil Jil Ramamani, 'yar wasan dandali mai surutu da Manorama ta fito a matsayinta, wadda ba ta da komai sai alheri. Yanzu da ake fassara finafinan kudancin Indiya zuwa Hausa ana sayarwa a kowace kasuwa, ina fata wata rana a waiwayi irin waɗannan tsofaffin. In an tashi, roƙona ɗaya ne: kada mai fassara ya sa baki a kan busar.

Madurai ce zangona na ƙarshe, garin 'yan'uwan nan biyu da numfashinsu ne ainihin muryar Shanmugam. Na je wurin bautar Azhagar Kovil, kimanin kilomita 20 daga gari a gindin duwatsu, inda labarin ya fara. A hanyar dawowa direban da ya kai ni ya ce gobe da sassafe ana ɗaura auren 'yar wansa, in ba zan damu ba in zo. Na je. A kusurwar zauren, kusa da ƙofa, mabusa biyu da makaɗan thavil biyu suna zaune a kan darduma, sanye da riguna farare. Gangar icen jackfruit ce, gefe ɗaya ana dukansa da ɗan gajeren sanda, ɗayan da yatsu masu hulunan tauri, ƙararta kuwa har cikin ƙirji. Mutane suna ta shige da fice, ana gaisawa, yara suna guje-guje, ba mai kallonsu. Mabusan suna karɓeɓeniya, wannan ya ja layi, wancan ya ɗauka daga inda ya ajiye ya ƙara masa ado.

Da lokacin ya yi da ango zai ɗaura wa amarya zaren aure a wuya, sai aka ɗaga hannu daga gaba ana kiran "ketti melam". Nan take busa da ganga suka haukace gaba ɗaya, da ƙarfi da sauri, don kada wata mummunar kalma ko atishawa ta shiga kunnen ma'auratan a wannan daƙiƙar. Aka yi ta watsa musu shinkafa mai kurkum. Duk zauren ya san ba a ƙulla auren ba sai da wannan ƙarar.

Bayan an lafa na matsa kusa da babbansu, na ce masa Ayya, na ambaci sunan fim ɗin. Ya yi dariya, ya sa beli a baki ya busa mini farkon "Nalandhana", ɗan'uwansa ya amsa masa, wasu tsofaffin mata da ke kusa suka juyo suna kaɗa kai. Direban ya fassara mini cewa kusan duk bikin da suka je sai an roƙe su ita. Na tambaya ko 'ya'yansa suna koyo. Ya ce ƙaramin yana zuwa makarantar kiɗa ta gwamnati, babban kuwa yana aikin kwamfuta a Chennai, domin aikin busa na watannin aure ne, sauran shekara sai abin da wurin bauta ya bayar. Bai tsaya cin abinci ba. Suka zura kayan busar a jakunkunan yadi, aka ɗora gangunan a bayan babura biyu, suka nufi wani ɗaurin auren a ɗaya gefen kogin Vaigai kafin lokacinsa ya wuce.